Yadda Ake Tuƙa Kwalekwalen Kayak Mai Feda a Ruwa Marar Zurfi Mai Kututture da Duwatsu

Kayak ƙaramin kwalekwale ne siriri wanda yawanci mutum ɗaya yake zama a cikinsa, kuma nau'insa mai feda ana tuƙa shi ne da ƙafa, hannuwa kuma su samu sararin riƙe sandar kamun kifi ko kyamara. A ruwa mai zurfi babu abin da ya kai shi daɗin tafiya. Wahalar tana farawa ne idan aka shiga inda ruwa bai kai gwiwa ba, ga kututturan itatuwa a ɓoye, ga duwatsu, ga ciyawa, domin na'urar da fedar take juyawa tana rataye ne a ƙarƙashin cikin kwalekwalen. Jikin kwalekwalen kansa zai iya shawagi a ruwan da bai wuce santimita 15 ba, amma na'urar tana bukatar kimanin santimita 40 zuwa 45 kafin ta yi aiki sosai. Duk dabarar da zan bayyana a nan tana komawa ne ga wannan tazara, wato sanin lokacin da za a ɗage na'urar tun kafin ƙasa ta taɓa ta.

Na'urorin iri biyu ne, kuma wajibi ne ka san wadda kake da ita. Ta farko mai fukafukai ce, irin MirageDrive da kamfanin Hobie ya fito da ita a 1997: ana tura feda ɗaya gaba ɗaya baya, fukafukai biyu na roba kuma suna kaɗawa hagu da dama a ƙarƙashin ruwa. Ta biyu mai farfela ce, irin Propel ta Native Watercraft da PDL ta Old Town: ana juya feda kamar ta keke, farfela tana juyawa kusan sau goma a kowane zagaye guda na ƙafa, kuma idan aka juya fedar baya sai kwalekwalen ya koma da baya nan take. Mai fukafukai ta fi jure ruwa marar zurfi domin fukafukanta suna iya kwantawa a jikin kwalekwalen. Mai farfela ta fi sauƙin tsayawa da ja da baya a tsakanin itatuwa, amma ba ta da wata mafita a ruwa ƙanƙani sai a ɗago ta.

Kayan da ake bukata

Abu na farko shi ne rigar ceto wadda ta yi maka daidai, a sanye a jiki kuma a ɗaure, da usur a maƙale da ita. Mutane da yawa suna ajiye ta a bayan kujera suna cewa ai ruwan bai kai ƙugu ba, sun manta cewa wanda ya kife ya bugi dutse da kai zai iya nutsewa a ruwan da ko cinya bai kai ba.

Na biyu shi ne filafilin tuƙi mai baki biyu, a harhaɗe, a ɗaure a gefen da hannunka zai kai gare shi ba tare da ka juya ba. Wanda ya sayi kwalekwale mai feda yakan ɗauka ya rabu da filafili ke nan har abada, alhali a irin wannan ruwa kusan rabin tafiyar da shi ake yin ta.

Sai doguwar sanda mai ƙwari, mai tsawon mita 2 zuwa 2 da rabi, wadda za ta yi aiki uku: auna zurfi, tura kwalekwale, da kafewa a ƙasa idan ana son tsayawa wuri ɗaya. Akwai waɗanda ake sayarwa musamman domin wannan, amma idan babu, kowace miƙaƙƙiyar sanda marar nauyi da ba ta karyewa da sauƙi za ta wadatar.

Sauran kayan su ne igiya mai tsawon mita 4 ko 5 a ɗaure a goshin kwalekwalen domin ja, gajeriyar igiya ta ɗaure na'urar feda, marfin da ake toshe ramin da na'urar ke shiga a jikin kwalekwalen idan an cire ta, takalmi mai rufe yatsu wanda ba ya zamewa, wuƙa, filaya, sufana da makullan da suka dace da kusoshin na'urarka, da tabarau irin wanda yake kashe ƙyallin ruwa har a ga abin da ke ƙasa. Mai farfela ya riƙe farfela guda ta ajiya da 'yan ƙananan ƙusoshin da ke riƙe ta a kan sandarta. Mai fukafukai ya riƙe sandar fiffike, wato ƙarfen da ke cikin robar fiffiken, guda ta ajiya idan yana da hali. Waya kuma a sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga.

Mataki na 1: Auna kwalekwalenka tun kana gida

Ka ɗora kwalekwalen a kan wani abu mai tsayi, ka sa na'urar a raminta, ka auna daga ƙasan kwalekwalen zuwa ƙarshen fiffike ko ƙasan farfela. Ka ƙara santimita 15 na nutsewar jikin kwalekwalen idan ka hau da kayanka, sannan ka ƙara wasu 10 domin kariya. Abin da ka samu shi ne mafi ƙarancin zurfin da za ka taka feda a cikinsa hankali kwance. Ka auna wannan tsawo daga ƙasan sandarka, ka naɗa tef mai launi mai haske a wurin, haka ma a kan filafilin. Daga nan duk lokacin da ka tsoma sanda ta taɓa ƙasa alhali tef ɗin yana sama da ruwa, babu sauran tantama cewa zurfin bai isa ba.

Kada ka dogara da lambar da ke cikin takardar kamfani kaɗai, domin nauyinka da na kayanka suna sauya lissafin, kuma dogayen fukafukai da wasu ke sauyawa domin ƙarin gudu sun fi na asali shiga ƙasa.

Mataki na 2: Koyi ɗage na'urar har hannunka ya saba

Wannan shi ne matakin da sababbin shiga suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Ka je ruwa mai zurfi marar motsi, ka yi ta maimaita ɗagewa da mayarwa har ka iya yi ba tare da ka duba ba.

Idan mai fukafukai ce, tura feda ɗaya gaba har ƙarshenta yana sa fukafukan su kwanta su manne da cikin kwalekwalen. Akwai igiyar roba mai ƙugiya da ake maƙala wa fedar domin ta zauna a haka ko da ka ɗauke ƙafa. Idan kuma kana son zare na'urar gaba ɗaya, to sai ka daidaita fedojin biyu kafaɗa da kafaɗa, domin a lokacin ne fukafukan suke miƙewa tsaye su iya fitowa ta ramin. Ka lura da kyau cewa waɗannan abubuwa biyu kishiyoyin juna ne, kuma a nan ake yin kuskure: wanda ya bari sai da ya hau yashi sannan ya tuna zai zare na'urar, zai tarar babu wurin da fukafukan za su miƙe, ya maƙale ke nan sai ya sauka ya ja kwalekwalen baya.

Idan mai farfela ce, sai ka juya feda a hankali har fukafukan farfelar su tsaya a tsaye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin ramin siriri ne kuma farfelar da ke kwance a gicciye ba za ta wuce ba. Daga nan ka kwance makulli ka jawo na'urar sama. Kada ka taɓa fizgar ta da ƙarfi idan ta ƙi fitowa. Ka mayar da ita ƙasa, ka gyara tsayuwar farfelar, ka sake gwadawa.

Mataki na 3: Shiga ruwa

Ka tura kwalekwalen cikin ruwa na'urar tana ɗage, matuƙin baya mai juya akala shi ma yana ɗage. Ka yi tuƙi da filafili har sandarka ta nuna zurfi ya isa, sannan ka saukar da matuƙin, ka saukar da na'urar, ka tabbatar makullanta sun kama. Ka ɗaure ta da gajeriyar igiyar nan, domin wasu na'urorin nutsewa suke yi idan kwalekwale ya kife, kuma ita ce ɓangare mafi tsada a jikinsa. Kayan nauyi kuma ka raba su gaba da baya daidai. Idan duk nauyin ya taru a baya, wutsiyar kwalekwalen ce za ta riƙa jan ƙasa, matuƙin kuma shi zai sha wahalar.

Mataki na 4: Karanta ruwa kafin ka isa

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wanda ya daɗe yana wannan harka yakan gane zurfi daga nesa. A ruwa mai tsabta, launi mai duhu alamar zurfi ce, mai haske ko ruwan ƙasa-ƙasa kuma alamar yashi ya matso sama. Tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ke tsaye a tsakiyar ruwa ya riga ya auna maka wurin. Ciyawar da ta fito da kai sama tana nuna ƙasa ba ta da nisa. Rana idan tana bayanka ka fi ganin abin da ke ƙarƙashi, idan kuwa tana gabanka to ƙyalli zai rufe maka komai, sai ka rage gudu.

A ruwa mai gudu akwai ƙarin alamu. Idan ruwa ya rabu biyu ya yi siffar kan mashi mai tsini yana fuskantar inda ruwan ke fitowa, akwai dutse ko kututture a daidai tsinin. Idan kuma tsinin yana fuskantar inda ruwan ke tafiya, da santsin ruwa a tsakiya, to nan ce hanya tsakanin cikas biyu. A kwanar kogi, gefen waje ne yake da zurfi domin nan ruwa ke cin gaɓa, gefen ciki kuma nan yashi ke taruwa. Sai dai gefen wajen ne kuma itatuwa suka fi faɗowa, saboda haka zurfin da kake nema da haɗarin da kake gudu sukan zauna wuri ɗaya.

Tafkin da aka samar ta hanyar datse kogi a kan daji shi ne mafi yaudara. Ruwan yakan kwanta lumui, amma kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna tsaye a ƙasa, wasu saura ɗan yatsa su leƙo. Inda ka ga guda ɗaya a fili, ka ƙaddara akwai 'yan uwansa kewaye da shi. Na'urar auna zurfi tana da amfani, amma abin da ke ƙarƙashinka take nunawa, ba abin da ke gabanka ba, don haka sau da yawa sai bayan ka yi karo take ba ka labari.

Mataki na 5: Tafiya a ruwan da ya fara ƙaranci

Ka rage gudu zuwa na mai tafiya a ƙasa a hankali. Kwalekwale mai feda da mutum da kaya sukan haura kilo 130, kuma duk wannan nauyi a kan 'yar sandar ƙarfe ko farfelar roba yake sauka idan aka yi karo. Amma kada ka tsaya cak, domin matuƙin baya ba ya juya kwalekwale sai ruwa yana wucewa ta jikinsa. Idan gudun ya yi ƙasa har akala ta daina amsawa, sai ka ɗauki filafili ka gyara hanya da shi.

Mai fukafukai yana da wata dabara da mai farfela ba shi da ita. Ka tura feda ɗaya gaba kusan ƙarshe, sannan ka riƙa yin gajerun taku masu sauri a nan kusa da ƙarshen, ba tare da ka bari fedojin sun dawo sun haɗu ba. Fukafukan za su riƙa kaɗawa kusa da cikin kwalekwalen kawai, ba za su sauka ƙasa ba, kuma da haka ana ratsa ruwan da bai wuce santimita 25 ba. Tafiyar ba ta da sauri, kuma ƙafa ɗaya takan gaji, sai a sauya.

Mai farfela kuma, idan abin da ke gabansa ɗan gajeren tudun yashi ne, zai iya ɗan ƙara gudu tun daga nesa, ya ɗage na'urar, ya bar kwalekwalen ya sulale ya haye da kansa. Wannan a kan yashi ko laka kawai ake yin sa, inda ka ga ƙasan da idonka. Wasu na'urorin suna da matsayi na tsakiya inda ake ɗago su rabi. Ka duba ko taka tana da shi.

Mataki na 6: Idan ka yi karo

Da zarar ka ji wani abu ya taɓa ƙasa, ka tsayar da ƙafafunka nan take. Jiki yakan so ya ƙara taka feda domin a wuce da ƙarfi, kuma wannan ƙarin taku ɗaya shi ne yake lanƙwasa ƙarfe. Na taɓa yin wannan kuskure a wani tafki mai kututture da sassafe, ruwa kamar madubi. Na ji ƙaramin "ƙwas" a ƙarƙashina, maimakon in tsaya sai na danna feda da dukan ƙarfina. Kwalekwalen ya ɗan hau wani abu ya karkata, fedar dama kuma ta yi nauyi. Da na zaro na'urar sai na ga sandar fiffiken gaba ta lanƙwashe ta koma baya kamar lauje, tsininta ya huda robar fiffiken ya leƙo waje, ga ɓawon itace baƙi maƙale a wurin. Da filafili na koma gaɓa, tafiyar da ta ci mini fiye da awa ɗaya.

Abin da ya kamata shi ne ka tsaya, ka ɗauki filafili ko sanda ka tura kwalekwalen baya ta hanyar da ka shigo, sannan ka ɗage na'urar ka duba ta. Idan cikin kwalekwalen ne ya hau kututture ya zauna, kada ka miƙe tsaye kuma kada ka leƙa gefe, domin a wannan hali yana kan tsini ɗaya ne, ƙaramin motsi zai kifar da shi. Ka matsar da nauyinka baya a hankali, ka riƙa girgiza shi gaba da baya kana turawa da sanda har ya zame.

Sababbin na'urori masu fukafukai suna da fukafukan da ke naɗewa baya da kansu idan sun bugi abu, su koma wurinsu idan an ci gaba da taka feda. Suna rage ɓarna ƙwarai idan karon daga gaba ne, amma ba sa hana komai idan an bugi abu ta gefe ko ana ja da baya. A mai farfela kuma, idan ka ji feda tana juyawa sakayau kwalekwale bai motsa ba, mai yiwuwa ƙaramar ƙusar da ke riƙe farfelar ce ta karye. Da gangan aka yi ta mai rauni domin ta karye ta ceci giyar ciki. Ka sauya ta da irinta, kada ka sa ƙusa mai ƙarfi a madadinta, in ba haka ba karo na gaba giyar ce za ta tafi. Sandar fiffike da ta ɗan lanƙwashe ana iya miƙar da ita a hankali a gaɓa domin a samu a koma gida, amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka miƙar ya riga ya yi rauni, sai a sauya shi daga baya.

Mataki na 7: Ciyawa, zaren fatsa da tsohuwar raga

Ciyawa ta fi damun farfela domin naɗe ta take yi. Alamar ita ce feda ta yi nauyi gudu kuma ya ragu. Ka juya fedar baya zagaye biyu ko uku, sau da yawa ciyawar takan warware. Idan ta ƙi, ka ɗago na'urar ka cire da hannu. Zaren fatsa ya fi ciyawa illa, domin yakan shige bayan farfela ya naɗe sandarta ya yanke robar da ke hana ruwa shiga cikin giya, kuma ba za ka sani ba sai na'urar ta fara ƙara. Inda ciyawa ta rufe ruwa ruf, ba na ɓata lokaci: ina zare na'urar, in toshe ramin da marfinsa, in ɗage matuƙin, in kama sanda.

Mataki na 8: Ruwa mai gudu da itatuwan da suka faɗo

A nan maganar ta wuce ta lalacewar kaya, ta zama ta rai. Itacen da ya faɗo cikin kogi yana barin ruwa ya wuce ta tsakanin rassansa amma yana riƙe kwalekwale da mutum, ruwan kuma ya danne su a ƙasa. Ka kauce masa tun daga nesa, idan kuma ya tare hanya duka, ka fita gaɓa ka ja kwalekwalen ta ƙasa ka zagaye shi. Idan ruwa ya kai ka jikin dutse ko gungume a gicciye, ka karkata jikinka zuwa ga abin da ya tare ka. Wanda ya karkata zuwa inda ruwa ke fitowa ya ba ruwan gefen kwalekwalen ya hau, kuma kifewa ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu.

Idan kana bin ruwa zuwa ƙasa a kogi mai duwatsu, ka zare na'urar gaba ɗaya ka ɗaure ta, domin ruwan ne ke da iko da gudunka. Idan kana haurawa sama, kana da damar amfani da feda a hankali tunda da ka tsaya ruwan zai ja ka baya daga cikas. Kada ka jefa anga ta gefen kwalekwale a ruwa mai gudu. Kada kuma ka sauka ka tsaya a ruwa mai ƙarfi da ya haura gwiwa, domin ƙafa takan shige tsakanin duwatsu ruwa ya tura mutum ya kifa da fuska. Igiyoyin da ke cikin kwalekwale su zama gajeru a naɗe, wuƙa kuma a jikin rigar ceto.

Mataki na 9: Sauka a ja da ƙafa

Wani lokaci mafi sauƙi shi ne a sauka. Kafin ka sa ƙafa, ka soka sanda ka ji irin ƙasan, domin laka mai laushi takan haɗiye ƙafa har cinya ta riƙe takalmi. Idan taɓo ne, ka zauna a ciki ka tura da sanda. Idan ƙasa mai tauri ce, ka fitar da ƙafafu biyu ta gefe ɗaya, ka miƙe, ka kama igiyar goshi ka ja. Mai tafiya a bakin teku ko bakin kogin da teku ke shiga ya duba jadawalin cika da janyewar ruwa kafin ya fito, ya shiga wurare marasa zurfi lokacin da ruwa ke cikowa, domin wanda ya shiga ruwa na janyewa zai iya kwashe sa'o'i a kan laka yana jiran ya dawo.

Mataki na 10: Fitowa da duba kaya

Tun kana nesa da gaɓa, inda zurfi yake da sauransa, ka zare na'urar ka ɗage matuƙin, ka ƙarasa da filafili. Jan kwalekwale a kan tsakuwa ko siminti yana cinye robar wutsiyarsa, saboda haka a ɗora shi a kan 'yar kurarsa mai taya ko mutum biyu su ɗauka.

A gida ka wanke na'urar da ruwa mai tsabta, musamman idan ruwan gishiri ko mai yashi ka shiga. Mai farfela ya kwance farfelar ya duba bayanta ko akwai zare, ya duba ƙusar ko ta fara lanƙwasa. Mai fukafukai ya duba miƙewar sandunan biyu, da sarƙoƙi da wayoyin ko sun saki ko wani sili ya tsinke, ya sa musu irin man da kamfanin ya ambata. Sannan ka kife kwalekwalen ka bi gefen ramin na'urar da yatsa da ido, domin duk bugun da na'urar ta sha a nan yake sauka, kuma a nan tsaga takan fara fitowa siririya kamar gashi. Idan ka buɗe marfin ciki ka tarar da ruwa fiye da wanda ka saba gani, kada ka sake shiga da shi sai ka gano inda yake yoyo an like shi.